Mai Gyaran Famfo da Manhajar Tunatarwa

Sana'ata gyaran famfon tuƙa-tuƙa. A Anka aka haife ni, can Inna take har yanzu a gidan da mahaifinmu ya bari, ni kuwa aiki da aure suka zaunar da ni a Gummi. Matata malamar firamare ce, 'ya'yanmu uku. Ƙauyukan da nake zagayawa sun warwatsu tsakanin Gummi da Bukkuyum da Anka, don haka rabin rayuwata a kan babur take, da akwatin sifanu ɗaure a baya da jakar robobi da notuna rataye a gaba.

Shekaru da yawa a ka nake riƙe komai, har ina taƙama da hakan. In ka ambaci ƙauye, zan faɗa maka zurfin burtsatsensu, bututu nawa ne a ciki, da robar da na canza musu zuwana na ƙarshe. Mutum kan tare ni a tasha ko a ƙofar masallaci ya ce famfonsu ya yi tauri, ko ruwa na zuwa da yashi, in ce masa ranar kaza ina nan tafe, kuma in je. Amma lokacin famfunan ba su da yawa. Bayan shekarar da gubar dalma ta ɓulla a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinariya, aka yi ta haƙa sababbi, aka kuma yi ta jan kunnen mutane kan ruwan da za su sha. Wayar hannu ta shiga kowane gida, kira ya ninka. Kaina kuwa yana nan yadda yake.

Wata bazara na je Tungar Guru. Famfon da ke kusa da masallacinsu ya daina ɗago ruwa. Muka zaro bututun ni da mazan gari, na tarar robar silinda ta cinye, sandar ƙarfe ɗaya ta cikin bututun kuma ta tsage. Robar ina da ita, sandar ce babu. Na shaida wa mai unguwa cewa kafin mako ya zagayo zan dawo da ita, na rufe bakin burtsatsen da buhu, na ɗora dutse, na hau babur. Ban kai gida ba aka kira ni daga Duza. Kashegari aka yi wa ƙanena haihuwa, muka shiga hidimar suna. Daga nan wani aiki ya taso a bayan Gummi wanda ya ci mini kwana huɗu. Tungar Guru ta fice daga kaina kamar ban taɓa zuwa ba.

Sai bayan mako uku, ranar kasuwar Bukkuyum, ina sayen man giris, wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta kira ni daga rumfarta. Ban gane ta ba, ita ta gane ni. Ta gaishe ni gaisuwa mai tsawo, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi gajiya, sannan ta gyara zama ta ce, "Malam mai famfo, ko wani laihi muka yi maka a Tungar Guru?"

Nan take na tuna.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce tun ranar da na tafi, ɗayan famfon garin ne ke ɗauke da kowa, layi tun daga asuba har rana ta take, kuma wasu mata da suka gaji sun koma ɗiba a tafkin bayan gari, wanda aka daɗe da hana su. Ta ce ita ta binne jikoki biyu a shekarar dalma, shi ya sa in ta ga yarinya da tulu ta nufi wajen tafkin nan, sai ta tuna da su. Na tambaye ta me ya hana a kira ni. Ta ce wasu sun so a hau tudu inda ake samun sabis a kira, mai unguwa ya hana. Cewa ya yi mutumin nan bai taɓa saɓa alkawari ba, in bai zo ba to ko ciwo ne ko rasuwa, kada a dame shi.

Wannan maganar ta mai unguwa ta fi komai yi mini nauyi. Na ce, "Gwaggo, lafiyata lau. Mantawa na yi." Ta dube ni, ta ce Allah ya kyauta, ta ƙulla mini daddawa a leda ta ce in kai wa uwar gida.

Washegari da sassafe ina Tungar Guru da sandar. Kafin azahar ruwa ya fito. Babu wanda ya yi mini gori, har fura aka dama mini, na sha don kada in ƙi.

Da na ba matata labari, ba ta tausasa mini ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Ta ce ita da take da aji ɗaya tak ba ta yarda da kanta, sai ta rubuta abin da za ta koyar gobe, balle ni da nake da ƙauyuka sun fi a ƙirga. Ta ɗauko sabon littafin rubutu ta ba ni da biro. Na yi wata biyu ina amfani da shi, kuma ya taimaka. Sai dai hannun mai gyaran famfo ba ya rabuwa da giris, shafuka suka yi baƙi. Ruwan farkon damina ya kama ni a hanyar Anka, tawada ta narke, rubutun mako guda ya zama shuɗin tabo. Babban aibinsa kuwa, littafi ba ya kiran mutum. In ban buɗe ba, yana kwance a jaka shiru da alkawuran mutane a cikinsa.

Ina da aboki a bakin tashar Gummi, sa'ana ne, yana da shagon gyaran waya. A wajensa nake zama in na dawo da wuri, mu sha shayi. Shi ya ce mini wayar da ke aljihuna ta fi ƙarfin kira da sauraron wa'azi, akwai manhajoji da aikinsu kawai su riƙe wa mutum abin da zai yi su tuna masa. Ya ce suna da yawa, sai dai in zaɓa. Na ce ya zaɓa mini mafi kyau.

Ya sauke mini wadda ya ce ma'aikatan manyan ofisoshi ke amfani da ita. Gaskiya tana da kyan gani. Allo ne aka raba gida-gida, gidan abin da za a yi, gidan abin da ake kan yi, gidan abin da aka gama, kowane aiki da katinsa da launinsa, kana jan kati da yatsa daga wannan gida zuwa wancan. Na kwashe yammaci biyu a gindin dalbejiyar ƙofar gidanmu ina shigar da ƙauyuka, ina ba kowanne launi. Har na ji ni ma na zama babban ma'aikaci.

Ranar farko da na fita da ita, Nasarawa Burkullu na nufa. Hanyar ƙasa ce, kuma da ka bar kwalta da kaɗan sabis ke ɗaukewa. Na isa wata ruga da ke gefen garin, wadda tun a gida na rubuta girman notin da famfonsu ke buƙata a cikin manhajar, na ciro waya na danna. Wani ɗan zobe ya fito yana juyawa a tsakiyar gilashi. Na ɗaga wayar sama, na matsa gaba, na hau kan suri, zobe na ta juyawa. Makiyaya na tsaye da shanunsu suna kallona, wani dattijo daga cikinsu ya tambaye ni cikin ladabi ko wani abu nake nema a sama. Ƙarshe da ido na gwada notin, kamar yadda na saba. Da na koma Gummi manhajar ta buɗe tsaf, har tana tambayata ko zan riƙa biya duk wata don ta bar ni in saka hotuna. Na kai wa abokina na ce ya cire. Ya ce ai laifin sabis ne ba na manhaja ba. Na ce to ni inda babu sabis nake aiki.

Ta biyu wata malama ce a makarantar su matata ta yaba mata ita. Wannan tana buɗewa ko babu sabis, abin da ya fara burge ni ke nan. Amma tana da surutu. In ka gama aiki ka danna, sai ta yi wata ƙara mai daɗi ta ba ka tauraro. Tana ƙirga kwanakin da ka jera ba ka bar aiki ya kwana ba, in ka tsallake rana ɗaya ta mayar da kai farko. Da safe ta gaishe ka, da rana ta tambaye ka ina aka kwana, da la'asar ta ce saura uku. Na ɗauka abin yara ne ba zai kama ni ba, ashe ya kama ni. Na wayi gari ina rubuta abubuwan da ba sa buƙatar rubutu, irin su zuba wa babur mai da wanke sifanu, don kawai in danna in ji ƙarar nan. Wata rana matata ta leƙo ta ga na rubuta cin tuwo bayan na riga na ci, na kuma danna masa an gama. Ta yi dariya har da riƙe bango.

Abin bai tsaya a dariya ba. Manhajar na son kowane aiki a sa masa ƙarfe nawa za a fara, ƙarfe nawa za a gama, ni kuma na biye mata. A Duza akwai wani dattijo makaho da ke zama a inuwa kusa da famfo. Duk zuwana, in na gama aiki na wanke hannu, nakan zauna wajensa mu taɓa hira, ya tambaye ni labarin Anka da mutanen da ya sani a can tun yana gani. Ran nan na gama ɗaure kan famfo, waya ta yi ƙara cewa na makara zuwa wuri na gaba. Na ɗaga masa murya daga nesa na ce sai wani jiƙon, na tayar da babur. Na yi nisa kafin in tuna cewa wurin na gaba ba kowa ke jirana ba, ni na ƙirƙiro wa kaina lokacin. Cikin makon kuma ta yi mini kuka a wajen zaman ta'aziyya, ana tsakiyar addu'a. Matata ta ce tun da na saka abin nan na zama mai tsaki, ina cin abinci ina kallon waya kamar mai jiran mota.

Na ce mata to na haƙura da manhaja, zan koma littafi. Ta ce kafin in haƙura, in amsa mata tambaya ɗaya, ta kuwa yi mini ita kamar yadda take yi wa 'yan ajinta: "Malam, wai me kake so wayar ta yi maka? Ka faɗa da bakinka tukuna."

Sai na lura ban taɓa tambayar kaina ba. Na bar wasu suna zaɓa mini abin da ya dace da aikinsu. Na zauna na yi tunani, na ce ina so ta buɗe a tsakiyar daji kamar yadda take buɗewa a gari. Ina so in iya yi mata magana da Hausa ta ajiye muryata, don sau da yawa hannuna ba ya taɓuwa, rubutun waya kuma yana yi mini wuya da manyan yatsun nan. Ina so in ce mata abu kaza duk wata uku, ta riƙa dawo da shi da kanta. Kada ta cinye caji, don akwai inda nake wuni babu wuta. Sauran kuwa, ta yi shiru sai lokacin da na ce ta yi magana. Matata ta rubuta su a bayan wata takarda ta ce in kai wa abokina.

Muka zauna a shagonsa wata Asabar da hantsi. Wannan karon ni ke tambaya. Ya sauke guda biyar ko shida, kowacce sai in ce ya kashe data mu gani. Biyu suka mutu nan take. Ɗaya ba ta ɗaukar murya. Ɗaya tana ɗauka amma tana ƙoƙarin mayar da maganata rubutun Turanci, na ce Tungar Guru ta rubuta wani abu da ni da shi muka kasa karantawa. Ta ƙarshe farin shafi ce kawai, da layuka, da ɗan akwati a gefen kowane layi, da alamar makirufo a ƙasa. Ba launi, ba tauraro. Na danna na ce a kai sarƙa Nasarawa Burkullu, na sake dannawa ta maimaita mini da muryata. Abokina ya taɓe baki ya ce wannan ai ta tsofaffi ce, babu abin da ta iya. Na ce ita nake so. Ya ƙara mini girman haruffa, ya nuna mini yadda komai zai adanu in na shigo gari na kunna data, ko da waya ta faɗa rijiya.

Na ɗan sha wuya kafin in gano yadda zan tsara ta. Da farko da ranaku nake jera aiki, sai na ga ba ni ke yanke ranar tafiya ba. Ruwan sama na yankewa, gulbi in ya cika yana yankewa, akwai kuma safiyar da za a ce yau kada a bi hanya kaza, mutum ya haƙura ya zauna. Sai na koma jerawa da hanyoyi. Na buɗe shafin hanyar Bukkuyum, shafin hanyar Anka, shafin Gummi da kewaye. Duk hanyar da ta samu ranar, in buɗe shafinta in ga duk abin da ke jirana a kanta, in ɗauki kayan da suka dace tun daga gida. Abin da ba ya jira ne kawai nake sa wa ƙararrawa, kamar famfon da na bari a kwance. Irin wannan kullum da safe sai ta tuna mini, har ranar da na ɗaure shi.

Na kuma ɗaukar wa kaina doka ɗaya: ba na ce wa mutum to sai na faɗa wa waya a gabansa. Da farko ina jin nauyin yin haka, kamar ina nuna ban ɗauki maganarsa da muhimmanci ba. Ashe mutane daɗi suke ji. Wani ma sai ya ce in sake kunna masa ya ji ko na faɗi sunan unguwarsu daidai. Dattijon rugar nan ta Nasarawa Burkullu, wanda ya gan ni a kan suri, da ya fahimci yadda abin yake sai ya karɓi wayar da hannu biyu ya yi mata sallama, ya gaishe ta da Fulatanci, sannan ya zayyana mata matsalar famfonsu dalla-dalla, ya rufe da cewa in na zo in taho da yunwa akwai kindirmo. Na je, kuma akwai.

Haka na yi watanni ina jin daɗina. Barci ya fi yi mini daɗi, don na daina kwanciya da jin cewa akwai wani abu da na manta ban san ko mene ne ba. Na koma zama wajen makahon Duza. Wata rana da yamma matata ta karɓi wayar tana dubawa, ta ga na buɗe shafi na huɗu na sa masa suna gida, amma abu ɗaya ne a ciki, shi ma kai babur gareji ne. Ta miƙo mini wayar, sannan ta tambaya ko mu ma sai mun tare ni a tasha za a rubuta mu. Kashegari na kai wayoyinmu biyu shago. Abokina ya haɗa shafin da wayarta, yadda duk abin da ta saka zan gani. Abu na farko da ta saka shi ne famfon tsakar gidanmu, wanda ya shekara yana ɗiga muna tara masa bokiti. Minti goma ya ɗauke ni. Daga nan ranar ziyarar babbar 'yarmu a makarantar kwana ta shiga, da awon ƙaramin, da ɗinkin salla tun kafin teloli su cika. Ni kuma na ƙara da nawa: karɓo wa Inna maganin hawan jini duk wata, da kiranta duk Litinin da Juma'a bayan la'asar.

Wata Juma'a aiki ya kai ni Anka, na sauka a gida. Bayan la'asar ina zaune a ɗakin Inna a kan tabarma, tana ɓare gyaɗa tana ba ni labarin maƙwabta, sai waya ta yi ƙara. Ta tambayi wa ke kira. Da na ce ba kowa, da an wuce wurin. Amma sai na yi dariya na ce ai lokacin kiranta ne ya yi, waya ke tuna mini, ga shi kuwa yau ina gabanta. Har na kunna mata ta ji muryata ina cewa a kira Inna.

Hannunta ya tsaya a cikin ƙwaryar. Ta ce, "Ashe sai wagga aba ta tuna maka kana da uwa."

Na shiga bayani. Na ce ba mantawa da ita nake yi ba, kwanaki ne ke gudu, ina cewa anjima zan kira har dare ya yi, gobe ma haka. Na ce abin da ya fi muhimmanci ne nake sakawa a ciki. Ta ce to, ta ci gaba da ɓare gyaɗarta, ta canza magana. Da zan tafi ta ba ni ƙuli-ƙuli in kai wa yara kamar kullum, ta yi mini addu'ar hanya kamar kullum, amma na san maganar na nan.

Na koma Gummi da niyyar goge layin. Matata ta ce in dakata. Ta tambaye ni, kafin in saka shi, kwana nawa nake yi ban kira Inna ba. Na ce mako ɗaya. Ta ce in ji tsoron Allah. Na ce wani lokaci biyu, wani lokaci har sai ita Innar ta sa an kira ni. Ta ce to Inna ta ji zafin jin yadda abin yake, amma ta fi kowa sanin cewa watannin nan muryata ba ta yanke mata ba, in bar ta ta auna da kanta. Ban goge ba. Ranar Litinin waya ta yi ƙara, na kira. Muka gaisa sama-sama. Juma'a na sake kira, ta ɗan sake, har ta ba ni labarin akuyarta da ta haifi biyu. Ba ta ƙara tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba.

Bayan kusan wata guda na sake zuwa Anka da maganinta. Na gaishe ta, na zauna, ta sa aka kawo mini ruwa. Ban gama sha ba ta ce, "Ina wayar taka? Hiddo ta."

Na fito da ita. Ta tambayi inda ake dannawa a yi magana. Na danna mata na riƙe kusa da bakinta. Ta gyara lulluɓi kamar za ta yi magana da baƙo, ta ce a faɗa wa ɗan nan kwanon ɗakinta na yoyo ta kusurwar gabas, tun bara take faɗa masa, ya zo da kafinta kafin ruwa ya sauka. Na saki, ta ce in sake dannawa ba ta gama ba. Ta ce ya je ya gaida gwaggonsa a Bukkuyum, kullum yana wuce ƙofar gidanta a kan babur, ana gaya mata. Ta ce in ya tashi zuwa ya taho mata da man shanu na wajen Fulanin Gummi, na nan ana haɗa shi da wani abu. Sai da ta yi guda biyar. Da ta gama ta ce in kunna mata, ta saurari muryarta tana gyaɗa kai, sannan ta ce tun da ni kunnena rariya ne, gara ta riƙa faɗa wa mai riƙewa.

Kafinta ya je cikin makon. Gwaggo ta yi mini faɗan shekara biyu a zama ɗaya, sannan ta cika ni da dambu. Tun daga lokacin, duk zuwana Anka, bayan gaisuwa sai Inna ta miƙo hannu, in danna mata, ta yi saƙonta. Wani lokaci ma ba aiki ba ne, nasiha ce, ko addu'a ga jikokinta da take so in kunna musu.

Har yanzu ina mantuwa. Manhaja ba ta riƙe abin da ban faɗa mata ba, kuma akwai ranar da nake ganin layi in kau da kai don gajiya. Abokina bai fasa ce mini an fito da sabuwa mai kaza da kaza ba, in ce masa na gode. Shekara ta uku ke nan ina tare da wannan farin shafin, na canza waya sau ɗaya, komai ya dawo yadda yake.

Ayyukan da na gama, in na danna musu sukan koma ƙasa, lokaci-lokaci in share su. Na Inna ne ba na sharewa. Akwai wanda na fi so, na wata rana da ta ce in sayo mata sabuwar buta. Ta gama faɗa, ni kuma na manta ban saki ba, wayar ta ci gaba da ɗauka. Ana jin ta tana kora akuya daga bakin ƙofa, tana tambayar maƙwabciyarta ta kan katanga ko an sauke tuwo, sannan ta juyo ta tambaye ni ko zan kwana. Ana jin na ce a'a, gobe da sassafe ina da aiki a Duza. Ta ce to in tashi in kama hanya tun da sauran rana. Jiya a hanyar Nasarawa Burkullu na tsaya a inuwar wata tsamiya don injin babur ya huce, na kunna shi na saurara har ƙarshe, sannan na sha ruwa na ci gaba da tafiya.